Littafin da Mai Gam Ya Zaɓa wa Alƙali

Ƙwayar lidon ta gangara a kan allo, ta bugi gindin kofin shayi, ta tsaya a kan huɗu. Alƙali ya ɗauki maɓallin da yake wasa da shi, ya ƙirga gidajen da ƙarfi kamar mai koya wa yara lissafi, ya dire shi daidai a bakin babban maciji.

"Ya haɗiye shi!" in ji Direba, har da buga cinya. "Wallahi ya haɗiye shi har da gilashinsa!"

Su bakwai ne. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata suke haɗuwa a bayan shagon Mai Fenti, tsakanin gwangwanaye da buhuna, kowa ya faɗi abin da ya karanta. A bana ne Mai Fenti ya ce zaman ya fara sa shi gyangyaɗi. Sai ya ciro ƙyauren wani tsohon kabad, ya zana wasan maciji da tsani a kai da ragowar fenti. A kowane gida ya rubuta sharaɗi da ƙaramin buroshi: littafi mai jan bango, littafin da ya girme ka, littafin da aka yi ruwan sama a cikinsa, littafin da ka taɓa ajiyewa a rabi. Inda ƙwaya ta kai ka, sai ka nemo littafin da ya dace da gidan ka karanta kafin zama na gaba. In ka hau tsani, ka huta wata guda. In kuwa maciji ya haɗiye ka, za ka zame har wutsiya, kuma ba kai ne za ka zaɓa ba. Wanda ya fi kusa da wutsiyar shi zai zaɓar maka. Ka karanta, ka miƙe a gaban kowa ka faɗi gaskiyar abin da ka gani. Bayan ka gama, wanda ya zaɓa ya faɗi dalilinsa.

Alƙali ya ja maɓallinsa ƙasa, yana bin lanƙwasar macijin har wutsiya. A gidan da ke maƙwabtaka akwai wani noti mai tsatsa. Notin na Mai Gam ne, mai ɗinkin littattafai, da shi yake wasa.

Mai Fenti ya sunkuya ya karanta rubutun da ke wutsiyar. "Littafin da uba ne ginshiƙinsa."

"Mai Gam, a yi mini adalci," in ji Alƙali yana goge gilashi da bakin rigarsa. "Kada a kawo mini irin waɗanda kake liƙewa da yawu."

Aka yi dariya. Mai Gam ma ya yi murmushi, ya ce, "Za a duba, ranka ya daɗe."

Alƙali ba alƙali ba ne. Ya yi ritaya daga ofishin awo, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya kasuwa yana kama ma'aunan da suka karkace. A nan bayan shago aka laƙaba masa sunan, saboda ba ya karanta littafi sai ya yanke masa hukunci. Kuma ya iya. In ya miƙe da littafi a hannu, cike da guntayen takardun da ya soke a tsakanin shafuka, kowa gyara zama yake yi, don an san za a sha dariya.

An sha irin dariyar nan shekara biyu da suka wuce, a kan ƙanen Mai Gam, wanda kowa ke kira Auta. Yaron ya rubuta 'yan gajerun labarai. Mai Gam da hannunsa ya ɗinke su, ya yi musu bango mai ƙwari, kuma shi ne ya matsa masa ya kawo su zaman. Alƙali ya karɓa, ya karanta jimlolin da muryar tsohuwa, ya maimaita wasu sau biyu don a ji su da kyau. A ƙarshe ya ɗaga littafin da yatsu biyu ya ce bangon dai ya yi, saura a nemo abin da za a sa a ciki. Auta bai sake zuwa ba. Ya kwashe sauran kwafin ya ba mai shara. Bayan 'yan watanni ya bar garin ya bi masu aikin wayarin ɗin wutar lantarki. Yanzu ko saƙon waya ka tura masa, da "to" yake amsawa.

Tun ranar Mai Gam ke zuwa zaman bai taɓa fashi ba. Yana gaida Alƙali da hannu biyu. Yana jira.

Shagonsa ɗan siriri ne, mai warin gam da tsohuwar takarda. Injin yankan takarda ya cinye rabin ɗakin, ƙarfen matsi yana kusurwa, zare da allurai suna rataye a ƙusa. A can ciki akwai kanta cike da littattafan da aka kawo gyara aka manta da su. Ranar Litinin ya sauke su duka a ƙasa, ya zauna a tsakiyarsu yana ware waɗanda ke da uba.

Matarsa ta shigo da kwanon abincin rana ta tarar da shi haka.

"Yau kuma ƙaura muke yi?"

"Bulala nake nema."

Ta san zancen, don shekara biyu ke nan tana jin sa. Ta ajiye kwanon a kan injin, ta tura wani ƙaton littafi da ƙafa. "Ga wannan. Ko jaki aka ɗora wa sai ya durƙusa."

"Daɗi zai ji. Mutumin nan in ka ba shi shafi dubu, ka ba shi wurin yanka dubu."

"To ba shi mai ƙananan rubutu, idonsa ya yi ruwa."

"Ya sayi sabon gilashi."

"To ba shi mai kyau mana, ya rasa abin cewa."

"Bai taɓa rasawa ba." Mai Gam ya rufe littafin da ke hannunsa. "Duk wanda na ɗauka, marubucin ya mutu ko yana wata duniya. Ya zage shi, a yi dariya, a tashi. Ba wanda ya ji ciwo. Ni so nake ya sara, ya ga jini a hannunsa."

"Ci abincinka," in ji ta. "Kana magana kamar mahauci."

Bayan ta tafi bai ci ba. Ya miƙe ya buɗe aljihun tebur na ƙasa, inda yake ajiye aikin da ya lalace. Tun Asabar ya san da littafin, yana dai kewaye shi ne kamar mai kewaye rami. Siriri ne, mai bango ruwan toka, wuƙar inji ta ɗan ci gefensa a karkace, shi ya sa ya rage a hannunsa.

Bara ne 'yar Alƙali ta kawo aikin. Ma'aikaciyar jinya ce, Sista ake ce mata, kuma tana cikin su bakwai ɗin. Ita ke rako mahaifinta zaman ta mayar da shi. Ta shigo shagon da farin kayanta, ta ajiye leda cike da takardu, ta ce a ɗinke mata kwafi kaɗan za ta aika wani gari mai nisa. Sunan da ke bangon ba nata ba ne, na wani namiji ne da babu shi.

"Yaya, kai kaɗai ka sani," ta ce ranar. "Ko matarka."

"Ko matata," ya ce.

Ya karanta littafin a tsaye, bai zauna ba sai da ya kai ƙarshe. Labarin wani uba ne, mai duba tikiti a tashar jirgin ƙasa. Kafin 'ya'yansa su sa hannu a kwano, sai kowa ya faɗi abu ɗaya mai amfani da ya yi a ranar, wanda ya rasa ya jira a gama. 'Yarsa ta zo ta ɗaya a aji, ya ce ajin ne ba su da ƙoƙari. Ranar da matarsa ta rasu, gida cike da masu gaisuwa, shi yana bakin ƙofa yana jera takalmansu ƙafa da ƙafa, yana faɗa a kan wanda ya ajiye nasa a karkace. An sauya aikin, an sauya garin. Amma duk wanda ya taɓa zama da Alƙali na awa ɗaya zai gane tafiyar.

Uba ne ginshiƙinsa. Ba wanda zai ce bai dace da gidan ba.

Ranar Laraba ya kai shi da kansa. Alƙali ya juya littafin, ya duba gefen da wuƙa ta ci, ya ce, "Tun daga waje ma an fara." Ya karanta sunan da ke bango ya taɓe baki. "Wane ne wannan?"

"Wani ne mai tasowa."

"To za mu zaunar da shi."

Washegari da la'asar Sista ta shigo shagon. Ba ta yi sallama da murya ba, ba ta kuma zauna ba. Mai Gam yana shafa gam a bayan wani ƙamus, bai ɗago ba.

"Na gan shi a kan kujerar Baba."

"Sannu da aiki, Sista."

"Yaya, je ka karɓo shi. Ka ce ka yi kuskure."

"Ƙa'ida ta hana a sauya."

"Ƙa'idar ƙyauren kabad?" Muryarta ta ɗan tashi, ta mayar da ita. "Ka yi mini alkawari."

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba. Ban faɗa ba."

"Tukuna."

Ya ci gaba da shafa gam. Ta tsaya tana kallon hannunsa, sai can ta ce, "Saboda Auta ne."

"Kin tuna da shi ashe."

"Ina wurin ranar. Ban yi dariya ba."

"Ba ki kuma ce komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba, Yaya. Kai da ka kawo shi."

Buroshin ya tsaya. Ya ajiye shi a bakin gwangwani a hankali, ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika rubuta shi," ya ce. "Ba ni na saka zancen jera takalma a ciki ba. In ba kya so ya gani, me ya sa kika buga?"

"Don in sauke shi daga ƙirjina. Ba don in ɗora masa ba. Ya tsufa. Ni ke ƙirga masa magani, ni ke yanke masa farce. Ka san abin da ake ji, ka tsani abin da mutum ya yi maka, kuma kana tashi ka duba ko yana numfashi?"

Mai Gam ya sake ɗaukar buroshin.

"To ji," in ji ta. "Bar shi ya karanta. Ya yayyaga shi a gabana, zan iya, na saba. Abu ɗaya nake roƙonka. In an zo wurin dalili, ka ƙirƙiro wani abu. Ka ce bangon ne ya burge ka."

"Zan duba."

"Haka ka ce masa shi ma."

Da ta fita ya daɗe a tsaye. Shi mutum ne mai juya abu a kai har sai ya gaji da shi, kuma wannan ya juya shi har ƙarshen wata, yana ɗinki, yana yanka, yana tafiya gida. In mutum ya saba marin duk wanda ya gifta, kuma babu yadda za a yi ya san zafin mari sai an kawo kuncin ɗansa ƙarƙashin hannunsa, wa ya mari yaron? Wanda ya kawo, ko mai hannun? Wata rana amsar takan fito ta nan, wata rana ta can. Amma kullum daga ƙarshe sai ya ga Auta yana tattara littattafansa cikin leda, kansa a ƙasa, yana cewa "ba komai, Yaya", sai ya yanke cewa hannun dai na Alƙali ne. Ba wanda ya ce lallai sai ya ɗaga shi. In ya ga dama ya karanta littafin da tausayi, shi ke nan, tarkon ya tashi a banza.

Asabar ta zo. An share bayan shagon, an jera kujeru, an kwantar da ƙyauren a kan gwangwanaye biyu. Direba ya ba da labarin littafinsa mai jan bango, wanda ya ce ja ɗin ne kawai abin kirki a jikinsa. Wasu biyu suka yi nasu a gaggauce, don kowa ya san abin da aka zo ji.

Alƙali ya miƙe. Littafin ya kumbura da guntayen takarda har bangon ba ya rufuwa.

"Jama'a," ya ce, "na sha wuya a rayuwa. An taɓa cire mini haƙori ba allura. Amma ban san Mai Gam na riƙe da ni a zuciya ba sai da ya ba ni wannan."

Dariya ta tashi. Ya buɗe wurin takarda ta farko.

"Shafi na uku, yarinyar tana kuka. Shafi na tara, tana kuka. Shafi na sha biyar, ta leƙa taga, ruwa na sauka, ita ma tana sauka. Na ce a kawo bokiti." Ya lanƙwasa murya ta koma siririya, ya karanta wata jimla a kan yadda yarinyar ke jin takun mahaifinta tun daga bakin titi. Ya maimaita ta. Direba ya riƙe ciki.

Mai Gam bai kalli Alƙali ba. Sista yake kallo. Tana zaune a ƙarshen layi, jakarta a kan cinya, hannuwanta biyu a kan jakar. Fuskarta irin ta wurin aiki ce, wadda ake ɗaure ciwo da ita.

"Sunan namiji ne a bango," Alƙali ya ci gaba, "amma in namiji ne ya rubuta wannan, a binciki wanda ya raine shi. Marubucin nan ba labari yake bayarwa ba, ƙara yake kaiwa. Kuma irin masu ƙarar nan ne da ba su da shaida sai hawaye. Da ni ne ubansa, da na karɓe biron na ba shi tsintsiya, ko banza a amfana da shi."

Mai Gam ya ji wani abu mai ɗumi yana hawa ƙirjinsa. Ga shi nan dai. Kowace kalma yana ajiye ta, don ya san nan da ɗan lokaci duk za su koma kan mai su.

Sai Alƙali ya cire gilashi, muryarsa ta sauya.

"Amma ƙa'ida ta ce a faɗi gaskiya, to zan faɗa. Akwai mutum ɗaya a littafin nan, mutum na gaske. Uban." Ya buga bangon da yatsa. "Marubucin ya so ya ɓata shi, bai iya ba. Ku duba mutumin nan. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa barin yaro ya ci abin da bai yi wa aiki ba. Ranar da matarsa ta rasu, kowa na birgima, shi kaɗai ya tuna cewa mutane za su fito su nemi takalmansu. Kun san abin da ke riƙe mutum a tsaye a rana irin wannan? Wannan wurin sau uku na karanta shi. Marubucin ya ɗauka rashin zuciya ne. Yaro ne, bai san komai ba. Irin wannan uban, a ce an ba shi 'ya'yan kirki, da an ga abu. Sai aka haɗa shi da wannan mai idon famfo, wadda ba ta gode ba ko sau ɗaya daga bango zuwa bango."

Ba a yi dariya sosai ba a nan. Mai Fenti ya yi gyaran murya. Sista ta sauke idonta kan jakarta, ta buɗe zif ɗin, ta rufe.

"Hukunci," in ji Alƙali. "A bar uban, a kori sauran." Ya zauna yana haki kaɗan, da alamar wanda ya gamsu da aikinsa.

"Saura dalili," in ji Mai Fenti. "Mai Gam, me tsohon nan ya yi maka?"

Mai Gam ya miƙe. Sista ta ɗago ta dube shi. Ba ta girgiza kai ba, ba ta yi wata alama ba, ta dai dube shi. Bangon ne ya burge ni: kalmomi biyar, suna nan a bakinsa, ba su da nauyi. Ya dubi Alƙali, wanda ya harɗe ƙafa yana jiran a yaba masa, yana murmushin nan dai na ranar Auta, bai ragu ba, bai tsufa ba.

"Dalilina," ya ce, "na ga ranka ya daɗe ya fi jin daɗin aiki in marubucin yana zaune a ɗakin. Kamar ƙanena."

"Au, wannan tsohon zancen? Yaron nan ai taimakonsa na—"

"Shi ya sa na nemo maka wani. Ni na ɗinka littafin nan. Sunan da ke bango na ƙarya ne. Mai idon famfon tana nan, ita ta rako ka."

Da farko ba wanda ya motsa. Direba ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga ba wasa ba ne, ya rufe. Alƙali ya juya a hankali, da kafaɗa gaba ɗaya, irin juyin tsofaffi.

"Ke?"

"Ni ce, Baba."

"Mai duba tikitin..."

"E."

Ya dubi littafin da ke cinyarsa. Ya buɗe shi, ya rufe. Leɓensa na ƙasa ya shiga rawa, ya danne shi da haƙori. Mai Gam ya tsaya yana kallo, bai ƙifta ba. Shekara biyu yana zana fuskar nan a ransa, ga ta yau, kuma ta fi yadda ya zana. Tsohon ya fara zare guntayen takardun daga cikin littafin, ɗaya bayan ɗaya, yana cusa su a aljihun riga. Yatsunsa ba sa kama su da kyau, wasu suna faɗuwa ƙasa tsakanin gwangwanaye. Ya sunkuya zai ɗauko, ya kasa kaiwa.

"Takalman," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ruwa aka yi ranar. Da an bar su a warwatse..." Bai ƙarasa ba.

Sista ta miƙe ta rataya jakarta. Ta tsugunna ta tsince takardun da suka zuba, ta saka masa a aljihu, ta ɗauki gilashinsa daga kan ƙyauren ta sa masa a fuska. Sannan ta kama shi ta ƙarƙashin hammata, yadda take ɗaga marasa lafiya.

"Tashi, Baba. Lokacin maganinka ya yi."

Ya tashi. Littafin yana hannunsa, ya matse shi a ƙirji da bangon a ciki. Suka bi ta tsakanin kujeru. Sai da suka zo daidai Mai Gam ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Matsa, Malam," ta ce.

Ya matsa.

Ba a jefa ƙwaya ranar ba. Mai Fenti ya jingine ƙyauren a bango, fuskar zanen tana kallon ciki, ya ce yana da kaya da zai sauke. Ba wanda ya yi wa Mai Gam magana, ko ta zagi.

Ya fito titi. Rana ta yi sanyi, masu shaguna suna shigar da kaya. Ya laluba cikinsa yana neman nadama, kamar mai taɓa aljihu, bai same ta ba. Abin da ya samu daɗi ne, mai kauri, har yana jin kunyar yawansa. Bai iya jira ya isa gida ba. Ya tsaya a gindin wata fitilar titi da ba a kunna ba tukuna, ya kira Auta.

An daɗe kafin a ɗauka. Ana jin ƙarar injin huda bango a bayansa.

"Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Nemi wuri ka zauna, albishir zan yi maka."

Ya ba shi labarin tun daga bakin maciji. Ya kwaikwayi muryar Alƙali, ya faɗi zancen bokiti da tsintsiya, ya faɗi yadda leɓen ya yi rawa, yadda takardun suka zube. Yana magana yana tafiya yana dawowa. Injin da ke bayan Auta ya yi shiru, ko an kashe shi, ko ya fita waje.

"Ka ji?" in ji Mai Gam. "Na rama maka. A gaban kowa, a wuri ɗaya."

Mai Gam ya duba wayar ko layin ya yanke.

"Auta?"

"Ina ji." Ya ja numfashi. "An yi dariya?"

"Sosai. Kafin su sani."

"Ya yi muryar nan? Ta tsohuwa?"

"Har sau biyu."

"Ita tana zaune."

"Tana zaune. Amma ka ji abin da nake gaya maka, shi tsohon—"

"Littafin yana da kyau, Yaya?"

Mai Gam ya tsaya da tafiya. Wata mota ta wuce, ya jira ƙararta ta lafa.

"Yana da kyau," ya ce. "A tsaye na karanta shi."

"Ka gaya mata?"

"A'a."

"Ni ma ba ka gaya mini ba," in ji Auta. Ba faɗa a muryarsa, kamar dai yana karanta lambar mita. "Turo mini lambarta in kana da ita. Ana kirana, ban gama aiki ba."

Layin ya yanke. Mai Gam ya tsaya da wayar a hannu. Ya nemo lambar Sista, ya daɗe yana kallonta, sannan ya tura.